Muna son kai samari koyon sana'a, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwa ce gare mu a Tudun Wadan Zariya. Mun tara ɗan kuɗi don kai samari koyon sana'a, amma muna tsoron su watse tun ba su iya ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da yara 10 kacal. Kafin yaro ya taka shago, a zauna da mahaifinsa da ubangidan da zai koya masa, mai unguwa ya shaida, a rubuta yarjejeniya: wata nawa zai yi, ƙarfe nawa zai riƙa zuwa, wa zai ɗauki kuɗin abinci da na mota. Wannan na ƙarshen shi ke kashe shiri. Yaron da ke takawa Sabon Gari kullum cikinsa na ƙugi, da wuya ya kai wata guda bai koma majalisar mai shayi ba. Ku samo masa shago kusa da gida.

Kada ku damƙa wa yaro kuɗin kayan aiki a hannu. Ku sayi keken ɗinkin ko injin waldar da kanku, a miƙa masa ranar yaye. Mutum ɗaya ya riƙa leƙa shagunan duk Asabar, asusun ƙungiya kuma ya zama sai da sa hannun mutum biyu.