Na danna ajiye, rabin launukan abaya sun ɓace: ko kutse aka yi min?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon abaya da jallabiya a nan Jidda, wajen Bab Sharif, muna kuma sayarwa ta intanet a kan manhajar shago ta OpenCart, da Larabci da Turanci. Makon jiya na shiga ɓangaren gudanarwa na ƙara launuka a kan wata abaya. Na danna ajiye, ya nuna an yi nasara. Da na koma dubawa, launukan da ke ƙasan jerin duk sun ɓace, har da na bara, da ƙarin hotuna da rangwamen da na sa. Wani yaro mai gyaran waya ya ce izinin fayil ne, in ba shi kalmar sirrin cPanel, wato shafin da ake sarrafa fayilolin shagon a wurin kamfanin hostin, ya mayar da izinin komai 777, ya kashe ModSecurity, wato katangar da ke tare hari, riyal 300. Ga azumi ya ƙarato, lokacin cinikinmu ke nan. Barci ma ya gagare ni.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, wannan bai yi kama da aikin ɓarawo ba. Mai kutse ba ya zama ya tsince launukan ƙasa ya bar na sama. Sai dai kada ki sake danna ajiye a kan abayar nan tukuna, kuma kada ki ba yaron nan ko harafi ɗaya na kalmar sirrinki.

Abin da kika kwatanta alamar max_input_vars ce. Iyaka ce da PHP, wato harshen da aka rubuta OpenCart da shi, ke sa wa yawan guraben da fom ɗaya zai aika, asalinta 1000. An shigo da ita a sigar 5.3.9, farkon 2012, don toshe wani hari da ake dura wa saba, wato kwamfutar da shagon ke zaune a kanta, dubban bayanai har ta durƙushe. To a OpenCart, kowane layin zaɓi guda, a ce baƙi mai lamba 56, yana tafiya da gurabe wajen goma: yawan kaya, farashi, alamar ƙari ko ragi, nauyi, maki da sauransu. Layi ɗari kawai sun cinye dubun, kafin ma a lissafa suna da bayani a harsuna biyu. PHP sai ta karɓi dubun farko, ta zubar da ragowar shiru. Shi kuma OpenCart, idan zai ajiye, share tsofaffin zaɓuɓɓuka yake yi daga rumbun bayanai, sannan ya rubuta abin da ya iso hannunsa. Dalilin da ya sa na bara ma suka tafi ke nan. Rangwame da ƙarin hotuna kuwa bayan zaɓuɓɓuka suke a jerin fom ɗin, almakashi ya riga ya faɗa kafin a kai gare su.

Ki duba fayil ɗin kurakuran PHP a cPanel. In kin ga layin da ke cewa Input variables exceeded 1000, magana ta ƙare. Ki buɗe MultiPHP INI Editor, ki ɗaga lambar zuwa 5000. Idan a fayil ɗin .user.ini aka rubuta, ki ba shi minti biyar kafin ki gwada. Wanda ya ce zai ɗaga lambar da umarnin ini_set a cikin manhajar ɓata lokacinki zai yi, don an gama yanke bayanan tun kafin manhajar ta fara aiki. Abin da ya ɓace kuma, ki nemi kamfanin hostin su dawo miki da kwafin rumbun bayanai na kafin ranar, a gefe guda, kada a danne odar da ta shigo daga baya.

In alamar ta bambanta, ciwon ma daban ne. Fom ya dawo wayam, ki duba post_max_size, asalinsa 8M. Hoto ya ƙi hawa, upload_max_filesize ne, 2M kacal, hoton wayar zamani kuwa ya wuce nan. Aka wurgo ki shafin shiga, zamanki ne ya ƙare kina tsaka da rubutu.

Yanzu ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Wannan 777 ɗin, kusan kullum sai na tarar da shi a shagon wani. Ya zama kamar maganin nan na bakin tasha da ke warkar da basir da shawara da ciwon baya lokaci guda. Hajiya, bayanan fom rumbun bayanai suke shiga. Me ya haɗa su da izinin fayil? Lambobin nan uku, ta farko ta mai fayil ce, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta kowa da kowa da ke kan sabar. Bakwai kuwa na nufin karanta, rubuta, sarrafa. Wato ki bar shago a buɗe cikin dare, makulli a jikin ƙofa, don kawai durowar kuɗi tana cijewa. Kuma a hostin na haɗaka ba ke kaɗai ce a gidan ba, kina da maƙwabta da ba ki taɓa ganin fuskarsu ba. Abin dariya ma, wasu sabobin da zarar sun ga fayil ɗin PHP a 777 sai su ƙi sarrafa shi, su jefo kuskure 500. Ki biya riyal 300 a rufe miki shago gaba ɗaya. Folda 755, fayil 644, a nan ake barinsu.

Ki tuna config.php yana ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayananki a fili. Wanda ya samu damar rubutu a cikin fayilolinki ba zai share abaya ko ɗaya ba, so yake ciniki ya yi ta tafiya. Layuka kaɗan zai cusa a shafin biyan kuɗi, duk mai sa katin Mada ko Visa, kwafi ya tafi wurinsa. Haka aka yi wa British Airways a 2018, aka kwashi bayanan katin dubban ɗaruruwan mutane, daga baya hukumar Birtaniya ta ci su tarar fam miliyan 20. Kamfani mai ma'aikatan tsaro ke nan. A nan Saudiyya kuma dokar kare bayanan mutane ta fara aiki tun Satumba 2023, ƙarƙashin SDAIA, hukumar kula da bayanai ta ƙasar, tararta na iya kaiwa riyal miliyan biyar. Ranar da aka zo tambaya, sunanki ne a takardar rajista. Yaron ya canza layi.

ModSecurity ma haka. E, takan yi kuskure, ta ga rubutun HTML a bayanin kaya ta ɗauka hari ne. Amma idan ta tare, kuskure 403 za ki gani ƙiri-ƙiri, ba saƙon nasara ba. Ki danna F12 a burauza, ki buɗe Network, ki ajiye, lambar za ta fito. Ko da ita ce, kowace doka a cikinta tana da lambarta, sai a ce wa masu hostin su ɗage wannan guda ɗaya a ɓangaren gudanarwa kaɗai. Kashe ta ɗungurungum garin neman gira ne a rasa ido.

Ni ban ce yaron mugu ne ba, wataƙila a wani bidiyo ya gani. Amma duk wanda zai taɓa miki shago, ki fara ce masa ya nuna miki layin kuskuren da ya gani a rubuce. In ya fara kame-kame, ki sallame shi. In kuma kin riga kin tura masa wani abu a WhatsApp, ki canza kalmar sirrin cPanel da ta gudanarwa da ta rumbun bayanai yau, kafin ki kwanta.