Tambayi Gwaggo: Wurin wasan da babu lilo, me za mu biya wa kuɗi?

Gwaggo, bayan gaisuwa. Za mu tafi Umara da yara uku, ƙanen maigida da ke Jidda ya ce lallai mu kai su KidZania. An ce mini ko lilo ɗaya babu a ciki. To me za mu zuba wa riyal? Daga Maman Khadija, Mabera.

Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Gaskiya aka faɗa miki, babu abin da ke wurga mutum sama. Ƙaramin gari ne aka gina daidai tsayin yara, da asibitinsa, da bankinsa, da motar kashe gobara. Yaro ya sa kayan likita ko na matuƙin jirgi, ya yi ɗan aiki, a biya shi da kuɗin wurin da ake kira kidzo, ya kashe ko ya kai banki. A ƙasar Meksiko aka fara shi a 1999, na Jidda kuma yana cikin Mall of Arabia. An tsara shi ne don 'yan shekara 4 zuwa 14, in autanki bai kai ba, ki bar shi a masauki. Babba ma sai ya yanki tikiti, alhali aikinsa kallo, don haka mutum ɗaya ya raka su ya isa. Ki juya kuɗin shigar zuwa naira a canjin ranar kafin ki ce to.

Gwaggo, ni a ganina wurin da babu lilo damfara ce. Ina son in burge 'ya'yan yayata ranar Sallah, ina ne lilo ya fi tsayi? Daga wani saurayi, Runjin Sambo.

Ɗana, yaran kake son burgewa ko kanka? A Faransa akwai wani wuri da ake kira Puy du Fou, babu lilo ko guda, sai wasannin tarihi: mahaya dawaki, mayaƙan da, tsuntsayen farauta suna shawagi bisa kawunan jama'a. Mutum fiye da miliyan 2 ke zuwa a shekara, duk damfararsu aka yi? Kai da ake hawan Sallah a garinku kyauta.

Bari in faɗa maka inda damfarar take. Duk Sallah sai wasu su kama fili su kafa lilon da aka sayo kwance, wanda ya gama aikinsa a wata ƙasa, mai walda ya tattoshe shi, aka shafe tsatsa da fenti ja. Wa ya duba kusoshinsa? Kujerar mutum biyu a cusa yara huɗu, ɗamarar kujera ta tsinke an ɗaure da igiya, mai kula da injin kuma yaro ne da hankalinsa ke kan waya. Janareta ya shaƙe, a bar 'ya'yan mutane rataye a sama cikin ranar Sakkwato, wadda a watan Afrilu takan haura digiri 40. Ga gidan balan-balan da ake tsalle a ciki, robar ta sha rana tun safe tana ƙona tafin ƙafa. Daga ƙofa kuma a tare ka da bindigar roba da ba ta kai magariba, da askirim ɗin da ya narke aka sake daskarar da shi, da lemo mai kala wanda babu lambar NAFDAC. Kuɗin shiga daban, na kowane lilo daban, na hoto daban. Kafin la'asar barka da Sallar yaran ta ƙare, ka fara laluben na adaidaita, washegari uwarsu na neman maganin gudawa. In dole sai ka je, tsaya ka ga lilon ya yi zagaye da wasu, ka duba gindinsa, kuma in ka ji ƙarar da ba ta yi maka ba, ka ja yaran ku tafi ko an riga an karɓi kuɗi.

Gwaggo, ni malamin firamare ne, yarana biyar. Suna ganin 'ya'yan maƙwabta ana fita da su, ni kuwa albashi ba ya kai ƙarshen wata. Abin yana hana ni barci. Daga Malam, Arkilla.

Malam, kwantar da hankalinka, kada ka ci bashi a kan wannan. Kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga tsofaffin rubuce-rubucen hannu da makaman da, kai kuma ka ba su labarin yaƙin Giginya na 1903, wanda Turawa suka ci Sakkwato a cikinsa, tunda bayani aikinka ne. Ku biya ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, ku ziyarci Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, ka koya musu ladabin wurin tun daga gida. A dafa abinci a ƙunsa, uwargida ta haɗa zoɓo da ruwan sanyi a kula, babu abin da zai ci kuɗi sosai sai mota. Ka fara tambaya ko gidan tarihin na buɗe a ranar da ka zaɓa, kuma ku fita da sassafe ku dawo kafin azahar.