Amsa ga ƙanenmu mai riƙon kayan kulob: a ina zai ajiye su?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Ƙanena, na ji muryarka tun da rana, ina kan babur ne shi ya sa ban amsa ba. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ya yi tun da aka damƙa masa riƙon kayan kulob ɗin yaran unguwa, ciki da falonsa ya koma sito. Riguna saiti biyu, ƙwallaye biyar, raga, robobin atisaye, ga nasa but ɗin, kuma uwargida ta ce ta gaji da wari. Yana neman dabara.

To da farko dai ka je ka ba ta haƙuri, don wallahi tana da gaskiya. Mu da muka saba, hancinmu ya mutu, ba ma jin komai. Amma wanda bai taɓa buga ƙwallo ba, safa ɗaya da ta kwana cikin but ta ishe shi ya bar maka ɗakin.

Ni shekara bakwai na riƙe kayan nan kafin a karɓa, kuma abin da na gani shi ne, yawancin kayan da muka yi asara ba a fili suka lalace ba, a gida suka mutu. Kai kana ganin matsalarka ƙarancin wuri ce. A'a. Danshi ne, sai zafi, sai ɓera, sai kuma 'yan aro. Wurin da kake da shi ya isa, in dai ka yarda ka daina ajiya a ƙasa ka koma bango.

Bari in fara da danshi, don shi ya fi cin mu. Wata shekara cikin watan Agusta mun buga wasa ruwa ya dake mu, na tattara rigunan gaba ɗaya na cusa cikin jakar Gana-mas-go na ja zif, na ce gobe na wanke. Gobe ta zama mako guda. Da na buɗe, duk sun yi fumfuna, ɗigo-ɗigo baƙi a jikin farar riga, mun wanke har mun gaji bai fita ba. Saiti guda ya tafi a banza, kuma kuɗin karo-karo ne aka saya da shi, ka ga abin kunya. Tun ranar na kafa wa kaina doka, abu mai gumi ba ya kwana cikin leda ko jakar da iska ba ta shiga. Ko ba za ka wanke a daren ba, ka baza su a igiya su sha iska. Wankin kuma ka juya su bai-bai, ruwan sanyi, omo kaɗan, kar a murɗe su kamar ana matse tsumma, don lambar bayan manna ta aka yi, murɗewa ke fasa ta. Kar a zuba musu sinadarin cire datti mai ƙarfin nan, yana kashe launi. Guga kuwa kar ma a fara, dutsen guga na taɓa lambar za ta narke ta bi shi. A shanya a inuwa. Na san za ka ce ai rana ta fi saurin busarwa, to irin yadin nan ko a inuwa ba ya ɗaukar lokaci, kuma ranarmu tana koɗar da ja ya koma kamar ruwan zoɓon da aka tsinka.

In sun bushe ƙayau, sannan ka ninke su bi da lamba, daga 1 har ƙarshe, kowace riga da wandonta a ciki. Amfanin haka, ranar wasa da ka duba ka san wace ce babu. Ka samu akwatin ƙarfe ko babbar roba mai murfi, ka jefa kafur biyu ko uku cikin tsohuwar safa ka ɗaure, saboda kyankyaso. Amma don Allah ka kula, kafur guba ne ga yara, suna ganinsa kamar alewa. Akwatin ya zama mai kwaɗo. Kuma kar ka ɗora shi kan siminti kai tsaye, ka sa bulo biyu da katako a ƙarƙashi, ka ɗan janye shi daga bango, don da damina ƙasa da bango duk suna tsattsafo da laima, ga gara.

To sai but. Nan ne zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri. Yawancinmu gwanjo muke saye, ko a Ƙofar Wambai ko a Sabon Gari, takalmin da ya riga ya sha duniya kafin ya zo hannunka, gam ɗinsa ya tsufa. Sai mutum ya dawo daga fili ya jefa shi kan rufin kwano wai ya bushe. Haba! A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, kwanon kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwana biyu sai ka ga ƙasan ya buɗe baki, ka kwasa sai wurin shumeka. Abin da za ka yi, da ka dawo ka kakkaɓe ƙasa, ka sa tsinke ka cire taɓon da ya maƙale tsakanin haƙoran, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. Ka sassauta igiyar, ka zaro shimfiɗar ciki ka ajiye ta daban. Sai ka dunƙule tsohuwar jarida ko takardar jarrabawar yara ka cusa ciki. Takardar tana tsotse gumi, tana kuma riƙe masa siffa kada ya lanƙwashe. In ta jiƙe ka canza wata. Maganin wari kuma, gawayi. Ƙulla ɗan gawayi a ƙyalle ka tura ciki ya kwana. Ba sai ka sayi turare ba, turare a kan wari ma ƙara ɓata lamarin yake.

Da hunturu kuma abin juyawa yake. Babu danshi, amma bushewa ke tsattsaga fata. In naka na fata ne na gaske, ɗan man kaɗanya kaɗan a yatsa ka murza masa, kamar yadda kake yi wa ƙafarka saboda faso. In na roba ne ba ya buƙata, gogewa kawai.

Kuma ka rataye shi, kar ka bar shi a ƙasa bayan ƙofa. Ƙusa biyu a bango sun isa, in mai gidan haya ba ya son a fasa masa bango, ka sa kafinta ya yi maka katako guda mai ƙusoshi shida ko takwas, wuri biyu kawai za a huda. Duk da haka kafin ka zura ƙafa ka juya shi ka bubbuga. Kunama tana son wuri mai duhu da ɗumi, wanda ta taɓa harba a babban yatsa ba ya buƙatar a maimaita masa.

 Yawwa.

Ƙwallo. Ka je wurin masu sayar da albasa ka roƙi buhun nan mai raga-raga, ka wanke shi. Yana ɗaukar ƙwallo biyar cif, iska na shiga, kuma kana ganin adadinsu ba sai ka kwance ba. Ka rataye shi a sama cikin ɗaki, inda rana ba ta kaiwa. Kar ka bar ƙwallo a bayan mota ko a tsakar gida da rana. Iskar da ke ciki tana kumbura in ta ji zafi, sai ta matsa wa ɗinkin. Waɗanda ake ɗinkawa da hannu, irin na garin Siyalkot a Pakistan, sun fi jure wahalarmu, ko zare ya tsinke ana iya gyarawa. Na zamanin nan da ake mannawa ba ɗinki, in suka fara ɓarewa shi ke nan. Kuma yaran nan su daina zama a kan ƙwallo, shi ke mayar da ita kamar ƙwai.

Maganar iska, ba a bugawa har sai ta yi tauri kamar dutse. Dokar wasa ta ce ƙwallo mai lamba 5 nauyinta gram 410 zuwa 450 ne, matsin iskarta kuma daga 0.6 zuwa 1.1 a ma'aunin da ake kira atmosphere, kuma galibi an rubuta adadin da ya dace da ita a gefen hancin. In za a yi dogon hutu, kamar da azumi da ba ma tirenin sosai, ka rage mata iska kaɗan, amma kar ka sace ta gaba ɗaya ka ninke, bilada, wato robar cikin da ke riƙe iska, tana mannewa. Allurar famfo kuwa ka jiƙa ta kafin ka soka, busasshiyar allura ita ke yaga hancin, daga nan sai ka ga ƙwallo tana sacewa cikin dare ka rasa dalili. Allurar nan ka ɗaure ta da zare a jikin famfon, ko ka sa ta a gwangwanin ashana tare da usur. Allura nawa muka saya a kulob ɗin nan, Allah kaɗai ya sani.

Safar hannun gola ita ce 'yar gata. A wanke da ruwa zalla, a shanya a inuwa, kar a haɗa tafin biyu a ajiye don suna mannewa su ɓare. Abin kare ƙwauri a goge a bar shi ya sha iska. Robobin atisaye ka zura su a igiya ɗaya ka rataye, ba su da wata matsala.

Raga ce abincin ɓera. Ba cin ta yake don yunwa ba, sheƙa yake nema. Ka tabbatar ta bushe, ka naɗe ta, ka sa cikin bokitin fenti babba mai murfi ka danne. Kuma kar a ajiye kayan wasa kusa da buhun hatsi, don ka haɗa masa gida da kasuwa ke nan. Na ji kuma ka ce kana da ƙarfen ɗagawa. Shi kam ƙasa ne wurinsa, can ƙarƙashin gado a kan katako, ka riƙa shafa masa ɗan mai saboda tsatsa, kuma inda yaro ba zai jawo shi ya faɗo masa a ƙafa ba.

Saura 'yan aro, kuma su ne ban samo musu magani ba har na sauka. Wani zai zo ya ce ƙwallo ɗaya, yanzun nan zai dawo da ita. Wani riga zai ara wai za su buga da wata unguwa. Kai kuma kunya ta hana ka cewa a'a. Ka sayi littafi na makaranta, ka rubuta duk abin da aka damƙa maka, shugaban kulob ya sa hannu. Kowace ƙwallo ka rubuta mata sunan kulob da lamba da fenti. Wanda zai ara ya rubuta sunansa da kwanan wata da hannunsa, za ka ga rabinsu sun fasa. Sannan ƙirga a fili ake yi kafin kowa ya watse, ba sai ka dawo gida ba. Yaro ba ya tafiya da riga wai zai wanke ya kawo, ta nan saiti ke zama goma sha uku.

Ina da ragowar buhun albasa biyu da wani katako da na cire lokacin da muka tashi daga tsohon gida, ka turo yaro gobe bayan la'asar ya karɓar maka. Ga shi an kira magariba, sai anjima.