Amsa ga Malamar da ɗalibanta ke manta kalmomi

Malama, sannu da ƙoƙari. Wallahi tambayar nan taki ta taɓa ni, domin abin da kika faɗa, wai yaran ajin JS 1 suna haddace kalmomi da kishiyoyinsu yau, gobe kuma kamar ba a yi ba, shi ya sha kaina shekara da shekaru.

Ki daina ba su jeri su kwafa: fari da baƙi, dogo da gajere. Ki ɗaura kishiyoyin wuri guda su yi karo. Ki rubuta "kukan daɗi" a allo ki yi shiru. Nan take za ki ji an ce, "Malama, ya za a yi kuka da daɗi?" To, darasi ya fara. Sai ki kawo "mugun kyau", da "babban yaro", da "shiru ma magana ce". Duk suna ji a gida, ba su taɓa lura cewa kalmomin faɗa suke da juna ba.

Ni kwali nake yankawa, kowane yaro ya ɗauki kalma guda, ya zaga aji yana neman kishiyarsa. In sun haɗu, dole su biyun su ƙirƙiro jimla su kuma kwaikwaya. Wata yarinya da ba ta ko ɗaga hannu ta yi mana kukan daɗi, aji ya kece da dariya, daga nan bakinta ya buɗe.

Amma ki shirya, za a yi surutu. Wannan surutun ne ya jawo mini wulaƙancin da har yau yake ci mini rai. Wani shugaban makaranta da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya faɗo ajina ba ko sallama, ya ce na mai da aji kasuwa, a gaban yarana! Ya ƙwace kwalayen, wanda da kuɗin aljihuna na saya, ya watsar a waje. Bai tambayi ko yaro ɗaya me ya koya ba. Mutumin da ko alli sai mun yi ta roƙonsa. Yaran suka yi tsuru-tsuru, ni kuwa hawaye ne kawai ban zubar ba. Don Allah ki sanar da shugabanku tun kafin ki fara, ki kuma sa wasan cikin tsarin darasinki a rubuce, kar a samu abin faɗa.

Kacici-kacici ma kar ki raina shi. "Baba na ɗaka, gemu na waje", su ce wuta da hayaƙi. Wanda ya kasa ya ba da gari, kamar yadda muke yi muna yara. In ajinki ya cika maƙil, raba su layi-layi su yi gasa, ranar Juma'a ta fi dacewa tunda lokaci gajere ne. Kuma kowace kalma da ta fito a wasa, su rubuta ta a bayan littafi da jimlar da suka ƙirƙira da kansu.

Allah ya dafa miki, Malama. Ki gwada da kwalin nan ki ba mu labari.