Tambayi Likita: Fatar idon ɗana ta sauko tun haihuwa

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, dan Allah a taimaka min. Yarona shekararsa 2, tun ranar da na haife shi fatar idonsa na hagu a sauke take kamar mai jin barci, kakarsa ta ce in bar shi zai buɗe da kansa, mun saka kwalli mun yi tofi amma shiru. Yanzu in zai kalle ni sai ya ɗaga haɓa sama yana ɗage gira. Abin da ya fi ɗaure min kai, in ya sunkuya yana wasa sai in ga idon ya fi ɗayan buɗewa. Meye wannan? Daga wata uwa a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Wallahi kin lura sosai, dan wannan abu na ƙarshe da kika faɗa shi muke fara dubawa in an kawo mana yaro.

A cikin fatar ido ta sama akwai wata 'yar siririyar tsoka, aikinta kawai ta ja fatar sama. A yawancin yaran da aka haifa da wannan matsala, da likitoci ke kira tosis, tsokar ce ba ta ginu daidai ba tun a ciki. In an yanko ɗan yanki wajen tiyata aka sa a madubin likita, sai a ga zaren tsokar kaɗan ne, kitse da wani nama mai tauri irin na tabo sun cike gurbinsu. Kin san bambancin tsoka zalla da naman da mahauci zai ba ki duk kitse da jijiya ai, toh kusan haka abin yake, kuma iya yawan kitsen da tabon iya saukowar fatar. Irin wannan tsoka ba ta da ƙarfin ja kuma ba ta sakewa, kamar danƙon da ya bushe, shi ya sa in ya kalli sama fatar ba ta binsa, in kuma ya kalli ƙasa sai ta maƙale ba ta sauka ba har idon ya fi ɗayan buɗewa. Ɗage girar nan da yake yi aron tsokar goshi yake.

Dan haka ba laifinki ba ne, ba wani abu da kika ci ko kika yi da cikinsa ba ne, kuma kwalli ko maganin ɗigawa ko tausa ba za su mai da kitse tsoka ba. Ki yi wa kakarsa bayani cikin ladabi, wannan ba ya buɗewa da kansa.

Abin da ya fi damuna ganinsa ne. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani har wajen shekara 7 zuwa 8, idon da aka rufe wa hanya sai ta yi watsi da shi ya zama raggon ido, kuma in lokacin ya wuce gyaran yana wahala ko da an ɗaga fatar. Nauyin fatar ma yana iya canza siffar gaban idon har yaro ya buƙaci tabarau. Tunda naki har ya fara ɗaga haɓa, kar ki jira.

Ki kai shi wajen likitan ido, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano. Za su auna ganinsa, su auna motsin fatar da 'yar rula, lafiyayya tana tafiya wajen milimita 15. In tsokar tana da sauran ƙarfi sai a rage tsawonta a ɗinke, in kuma motsin bai wuce milimita 4 ba sai a rataye fatar da tsokar goshi ta ƙarƙashin fata, da zaren silikon ko wani fallen jijiya daga cinyarsa in ya ƙara girma. In fatar ba ta rufe baƙin ido ba kuma ganin lafiya lau, akan bari sai shekara 3 zuwa 5, in ta rufe kuwa ba a jira.

Ki sani kuma bayan aikin zai iya barci idon bai gama rufewa ba, kar ki tsorata, za a ba ki man ido ki riƙa sa masa da dare. In za ki tafi ki riƙe hotunansa na jarirantaka a waya, sannan ki gaya musu in fatar tana motsi lokacin da yake tauna ko tsotso, dan wannan yana canza irin aikin da za a yi masa.