Dimokuraɗiyyar Girkawan Dā: Irin Tamu Ce Kuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina aji biyu a jami'a. Tun muna sakandare ake ce mana daga tsohuwar Girka aka samo dimokuraɗiyya. To kwanan nan yayana ya ce min su Girkawan nan ko zaɓe ba sa yi, kuma su ne da kansu suka kashe babban malaminsu Sukurat. Abin ya ɗaure min kai. Wace irin dimokuraɗiyya ce babu zaɓe? Don Allah Malam a warware min zare da abawa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

AMSA

Wa alaikumus salam. Amin 'yata, Allah ya ba ki ilmi mai amfani. Yayanki yana kan hanya, sai dai maganar tasa tana buƙatar gyara kaɗan.

Fara da cire hoton ƙasa guda daga ranki. A wancan zamanin babu wata gwamnati da ake ce wa ta Girka. Birane ne kusan dubu, kowanne da ganuwarsa da dokarsa da mayaƙansa, warwatse tun daga gaɓar Baƙin Teku har kudancin Faransa da Libiya ta yau. Kwatanta su da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir kafin jihadi: harshe ɗaya, al'ada ɗaya, amma kowa cin gashin kansa yake, kuma yaƙi bai cika yankewa a tsakaninsu ba. Abin da ke haɗa su shi ne harshe, da allolin da suke bauta wa, da wasannin Olimfiya da ake yi duk shekara huɗu. Wasu biranen sarki ke mulki, wasu attajirai. Sparta ma sarki biyu take da su a lokaci guda, da majalisar dattawa 28 waɗanda suka kai shekara 60. Mulkin jama'a da kike tambaya a kai, a birnin Atina ya fi yin suna, kuma a can muka fi samun bayaninsa. Duk shekarun da zan ambata na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, don haka lissafinsu raguwa yake yi.

Bashi ne ya fara haifar da abin. Manomi a karkarar Atina kan jinginar da gonarsa, in ya kasa biya a kama shi da 'ya'yansa a sayar. Da gari ya kusa kamawa da wuta, a shekara ta 594 aka danƙa wa wani dattijo mai suna Solon ikon yin gyara. Ya yafe basussukan, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi. Amma wanda ake ɗauka a matsayin uban tsarin shi ne Kilistenis, a shekara ta 508. Ya lura cewa manyan gidaje da dangantaka suke juya mutane, sai ya sake yanka jama'a gida goma, kowane gida ya haɗa mutanen birni da na gaɓar teku da na cikin karkara. Daga nan mutum da sunan ƙauyensu ko unguwarsu ake rubuta shi a rajistar gari.

Yanzu ga yadda abin ke gudana. Akwai wani tudu yamma da Akurofolis, wato dutsen da manyan ɗakunan bautarsu ke kai, ana ce masa Finikis. Kusan sau 40 a shekara, tun da sassafe, 'yan gari ke hawa can su zauna a fili: manomi, maƙeri, mai sayar da kifi, attajiri. A yanka dabba a tsarkake wurin bisa addininsu, sannan sanƙira ya miƙe ya ce, wa ke son yin magana? Duk wanda ya ga zai iya, ya hau dutsen ya faɗi ra'ayinsa, a kan yaƙi ne ko sulhu ko kuɗin baitulmali. A gama a ɗaga hannu. Wasu manyan batutuwa sai an samu mutum 6,000 kafin a yanke. In mutane sun tsaya hira a kasuwa sun ƙi hawa, bayin gwamnati kan jawo wata igiya da aka shafe da jar ƙasa su kora su, wanda jan ya taɓa wa riga kowa ya san ya yi nawa. Kin ga a nan babu wakili. Mutum da ƙafarsa yake zuwa, da hannunsa yake yanke hukunci.

Sai batun zaɓe, wanda shi ne gishirin tambayarki. Kalmar nan tamu ta ƙuri'a za ta taimaka miki. Yau in aka ce ƙuri'a, takardar dangwale muke tunawa. Amma asalinta daga Larabci take, kuma ma'anarta ta farko ita ce wadda kika sani a hadisi, cewa Annabi (SAW) idan zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Irin wadda ake yi wajen rabon naman watanda, kowa ya kawo tsinkensa don kada a ce an yi son kai. To da wannan ƙuri'ar ta asali Atinawa ke cike yawancin muƙamansu. Majalisar mutum 500 da ke shirya abin da za a tattauna a taron gari, ƙuri'a ce ke fitar da ita, mutum 50 daga kowane gida, cikin waɗanda suka kai shekara 30 suka kuma miƙa sunansu. Shekara ɗaya suke yi, kuma ba a yi fiye da sau biyu a rayuwa. Kowace rana a sake yin ƙuri'a a fitar da mutum ɗaya ya riƙe hatimin gari da mabuɗan taska na kwana ɗaya tak, ba zai sake ba har ya mutu. Ki auna wannan da kyau: mai yin tukwane zai iya wayar gari hatimin Atina yana hannunsa.

Me ya sa suka guji zaɓe? Don sun ga cewa in ana zaɓe, mai kuɗi da ɗan babban gida da mai zaƙin baki su ke ci. Aristo, shahararren masanin falsafa, ya rubuta ƙarara cewa naɗi ta hanyar ƙuri'a ana ɗaukarsa na mulkin jama'a ne, naɗi ta hanyar zaɓe kuwa na mulkin 'yan tsiraru. Duk lokacin da na kawo wa ɗalibai wannan maganar sai aji ya yi tsit, domin abin da muke kira zuciyar dimokuraɗiyya, su shi suke yi wa kallon hadarin kaji.

Kotunansu ma haka. Babu alƙali mai digiri, babu lauya. Duk shekara ana ware mutum 6,000, daga cikinsu a fitar da masu zama a kan shari'ar ranar, 201 ko 401 ko 501, gwargwadon girmanta. A ƙarni na huɗu har na'ura suka yi wa aikin, kuma an tono gutsattsarinta a tsohuwar kasuwar Atina. Allon dutse ne mai ramuka jere-jere, kowa ya zura ɗan katinsa mai sunansa. A gefe akwai bututu da aka zuba farare da baƙaƙen ƙwallaye. A saki ɗaya: in fari ya fito, layin nan ya shiga, in baƙi ne, su koma gida. Tunda sai da safiyar ranar ake sanin wanda zai zauna, wa za ka kai wa toshiyar baki? Mai ƙara da wanda ake ƙara kowa da bakinsa zai yi magana, ga tukunya mai ɗigar da ruwa a gefe, ruwa na ƙarewa magana ta ƙare. Perikilis, babban jagoran Atina a zamaninsa, shi ne ya fara biyan masu zaman kotu ɗan abin kai wa bakin salati, don talaka ya iya barin aikinsa na yini.

Inda yayanki ya zarce shi ne cewa ba sa zaɓe sam. Suna yi, a aikin da ke buƙatar gwaninta. Shugabannin yaƙi goma zaɓensu ake yi duk shekara, kuma ana iya maimaita mutum. Ta nan Perikilis ya yi shekara 15 a jere ana zaɓensa, har annoba ta kashe shi a 429. Amma ko da ƙuri'a ka hau ko da zaɓe, kafin ka kama aiki sai an tantance ka, ranar saukarka kuma sai ka ba da lissafin kuɗin da ya bi ta hannunka, kuma kowane ɗan gari na da damar kai ƙararka.

Suna da wata al'ada kuma da nake so ki sani. Sau ɗaya a shekara, in taro ya amince, kowa zai ɗauki katangar fasasshen tulu ya kanƙara sunan wanda yake ganin ya fara fin ƙarfin gari. Wanda sunansa ya fi yawa, a ba shi kwana goma ya tattara, ya bar Atina shekara goma, ba tare da an taɓa dukiyarsa ba. Temistokilis, wanda ya ceci garin daga Farisawa, haka aka yi masa. Masu tono sun samu katanga kusan 190 a cikin wata rijiya, duk da sunansa, kuma da aka duba rubutun sai aka ga hannun mutum 14 ne kacal. Alamu sun nuna wasu ne suka zauna suka rubuta don a raba wa jama'a.

Kada ki ɗauka kowa ke cikin wannan daula. Ke da kike tambayar nan, da a Atina aka haife ki, ba za ki taka tudun nan ba. Mata ba su da murya. Baƙi mazauna gari ba su da ita, ko gona ba za su mallaka ba sai da izini na musamman, kuma Aristo kansa cikinsu yake, don mutumin Istagira ne. Daga 451 ma sai uwarka da ubanka duk 'yan Atina ne kafin a kira ka ɗan gari. Sai bayi, dubbai a cikinsu suna haƙar azurfa a ramukan Lauriyon cikin azaba. Masana na ƙiyasta masu murya da kamar mutum dubu 40 zuwa 60 a lokacin da garin ya fi cika, cikin jama'ar da ta kai dubu 250 ko fiye. Azurfar bayin nan ce ta ƙera jiragen da suka karya Farisawa a Salamis a 480. Kowane jirgi matuƙa 170 ne, yawancinsu talakawan da ba su da kuɗin sulke, kuma wanda ya tuƙa jirgi ya ceci gari ba ka isa ka hana shi magana a taro ba. Ƙarfin talakan Atina daga nan ya ƙaru, amma a bayan bawa aka ɗora shi, kuma ban yarda a koyar da ɗaya a ɓoye ɗaya ba.

To, Sukurat. Gaskiya ne, kotun jama'a ce ta yanke masa hukuncin kisa a 399, yana da shekara 70. Sai kin san halin da gari ke ciki kafin ki gane yadda aka yi. Atina ta yi shekara 27 tana yaƙi da Sparta, daga 431 zuwa 404, ta sha kashi. Sparta ta ɗora mutum 30 a kan mulki, cikin wata takwas suka kashe kimanin mutum 1,500. Jagoransu Kiritiyas yana cikin masu zama gaban Sukurat a dā. Alkibiyadis, wanda ya taɓa gudu ya koma wa Sparta ana tsakiyar yaƙi, shi ma haka. Ga shi an san malamin da sukar ƙuri'a. Almajirinsa Zenofon ya ruwaito cewa masu ƙara sun ce yana koya wa matasa wai wauta ce a fitar da shugaba da ƙwayar wake, wadda da ita ake yin ƙuri'ar, alhali babu mai yarda ya ɗauki matuƙin jirgi ko kafinta ta wannan hanya. Da aka dawo da mulkin jama'a a 403 an yi rantsuwar yafe abin da ya wuce, don haka ba a tuhume shi da siyasa ba. Tuhumar ita ce bai yarda da allolin gari ba, ya kawo sababbi, yana kuma ɓata tarbiyyar matasa.

Mutum kusan 500 suka saurari shari'ar cikin yini ɗaya. A ruwayar almajirinsa Aflatun, Sukurat ya ce da mutum 30 sun sauya ra'ayi da ya kuɓuta. Da aka ce ya faɗi hukuncin da yake ganin ya dace da shi, sai ya ce kamata ya yi gari ya riƙa ciyar da shi kyauta, daga baya ya ambaci tara. Suka zaɓi kisa. Ya yi kusan wata a kurkuku, abokinsa Kirito ya shirya masa hanyar gudu, ya ƙi, ya ce ba zai karya dokar garin da ya rene shi ba. Aka miƙa masa ƙoƙon guba ya sha.

A ganina zalunci aka yi masa, kuma shari'ar ta tona babban raunin tsarin, wato babu ɗaukaka ƙara, babu mai ja wa taro linzami in ransa ya ɓaci. Shi Sukurat ya taɓa ganin haka da idonsa. A 406, yana cikin majalisa, jama'a suka fusata suka nemi a yanke wa shugabannin yaƙi hukunci a dunƙule saboda ba su ceto matuƙan da suka nutse ba. Shi kaɗai cikin masu jagorancin zaman ya tsaya kai da fata cewa doka ba ta yarda ba. Ba a saurare shi ba, aka kashe shida. Mutuwar Sukurat ce ta ƙara sa Aflatun ya juya wa mulkin jama'a baya, kuma da yake rubuce-rubucen Aflatun da Aristo su ne suka rayu, har aka fassara su zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, yawancin abin da duniya ta daɗe tana ji game da tsarin daga bakin masu sukarsa ta ji shi.

Ki faɗa wa yayanki cewa suna muka gada daga Atina, demos jama'a, kratos iko, da tunanin cewa talaka na da ta cewa. Majalisar wakilai da jam'iyyu da zaɓen bayan shekara huɗu daga baya can aka gina su, a Ingila da Amurka da Faransa. Ita kuwa ta Atina ta rayu shekara kusan 80 bayan Sukurat. Filib na Makidoniya, mahaifin Iskandar, ya ci Atina da yaƙi a 338 amma ya bar mata taronta. A 322 ne janar ɗin Makidoniya Antifata ya rushe tsarin, ya ce daga ranar sai mai dukiyar da ta kai darakma (kuɗinsu na azurfa) 2,000 zai yi magana a harkar gari, aka cire fiye da rabin 'yan gari daga rajista.

Allah ya ba ki sa'ar karatu, ki gaishe min da yayan naki.