Tambaya da Amsa: Ayyukan da Kwampaila Ke Rubuta wa Aji da Kansa

Tambaya: Malam, ina koyon C++, na kuma rubuta wani aji (class, wato tsarin da ake ƙirƙirar abubuwa daga gare shi) mai ɗauke da manuni (pointer, mai riƙe adireshi) zuwa wurin da na keɓe da new a ƙwaƙwalwar kwamfuta, tare da marushi (destructor, aikin da ke gudana idan abu ya zo ƙarshe) mai sakin wurin da delete. Ban rubuta masa hanyar kwafi ba, amma da na kwafi abu ɗaya zuwa wani, kwampaila (compiler, mai fassara rubutun C++ zuwa harshen kwamfuta) bai ƙi ba. Sai dai manhajar takan faɗi duk lokacin da ta zo ƙarshe. Daga ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, kwampaila ne ya cike maka gurbin da ka bari. A ƙa'idar C++98 yana samar da ayyuka huɗu idan mai rubutu bai kawo nasa ba: magini (constructor, aikin da ke gina sabon abu) wanda ba ya karɓar komai, da marushi, da maginin kwafi, da alamar = ta kwafi. C++11 ta ƙara biyu na ƙaurar da kaya daga wani abu zuwa wani, suka zama shida.

Kwafin da yake rubutawa yana bin mambobin ajin ɗaya bayan ɗaya, to idan ya iso ga manuni, adireshin kawai yake kwafa, ba ya taɓa abin da ke wurin. Ka ga yanzu abubuwa biyu suna nuni ga wuri guda. Na farko ya rushe ya saki wurin, na biyu kuma ya zo ya sake sakin abin da aka riga aka saki, a nan ne manhajarka ke faɗuwa.

Wannan ne dalilin ƙa'idar uku da Marshall Cline ya bayyana a 1991: duk wanda ya buƙaci rubuta marushi da hannunsa, to yana bukatar rubuta ayyukan kwafin biyu ma. Ka kuma lura, domin mutane da yawa ba su san da shi ba, cewa rubuta marushi yana hana kwampaila samar da ayyukan ƙaurar.

Shawarata ita ce ka cire manunin gaba ɗaya ka sa std::vector, wato jerin ajiya da ke zuwa tare da C++, a madadinsa, domin shi ya san yadda zai kwafi kansa ya kuma saki wurinsa, ba sai ka rubuta ko ɗaya daga cikin shidan ba. In kuwa bai dace a kwafi abin ba sam, ka rubuta = delete a gaban ayyukan kwafin biyu, kwampaila zai tsayar da kai tun a layin da ka yi yunƙurin kwafin.